Kundin Aiki: Rarraba Masu Muryoyin The Lion King Bisa Salon Wasansu

3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne rarraba 'yan wasan da suka ba da muryoyinsu a fim ɗin zane guda ɗaya zuwa rukuni-rukuni, ba bisa shahararsu ko girman rawar da aka ba su ba, sai dai bisa salon da kowannensu ya bi wajen yin wasan. Fim ɗin da na zaɓa shi ne The Lion King, wanda kamfanin Disney ya fitar a watan Yunin 1994, wanda kuma Roger Allers da Rob Minkoff suka ba da umarninsa. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, da wuya a sami wani fim mai tsawon minti 88 kacal da ya tara mutanen da suka taso a fagage mabambanta kamar wannan. Akwai waɗanda suka goge a dandalin wasan kwaikwayo na Ingila da na Amurka, akwai masu barkwanci, akwai yara ƙanana, akwai kuma waɗanda murya ce kaɗai sana'arsu, waɗanda mai kallo zai iya giftawa ta gabansu bai san su wane ne ba.

Kafin a yi maganar salo, dole a san yadda ake haɗa irin wannan fim, domin tsarin aikin ne ya sa tambayar ta yi nauyi. A Amurka, murya ake fara naɗa kafin a yi zanen ƙarshe. Ɗan wasa yakan shiga ɗakin naɗar murya, sau da yawa shi kaɗai, babu tufafin rawa, babu abokin magana, sai takarda da makirufo da darakta a bayan gilashi. Bayan an zaɓi naɗin da ya fi dacewa, sai a bi shi gaɓa-gaɓa a rubuta a takardar aiki inda kowane sauti ya faɗo, domin hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma mai zane yana bukatar sanin a hoto na nawa ne leɓe zai rufe, a na nawa ne zai buɗe. Mai zanen kamar tela ne da aka kawo wa mutum tsaye aka ce ya ɗinka masa riga: gwargwadon jikin da murya ta zo da shi, gwargwadon abin da zai yanka.

Hanyar da zan bi mai hawa uku ce. Zan saurari kowace fitowa allo a kashe, sannan in kalle ta murya a kashe, daga bisani in haɗa su. A kowane zagaye zan rubuta wuraren da ɗan wasa ya ja numfashi, da saurin maganarsa, da inda ya ɗaga murya ko ya sauke ta, da tsawon shirun da ya bari.

9 ga Fabrairu

Na kammala sauraren farko, kuma jadawalin da ya fito mai gida huɗu ne.

A gida na farko na sa waɗanda suka zo da muryarsu ta yau da kullum ba su sauya ta ba, suka dogara da nauyinta da gaskiyar da ke cikinta. Nan ne James Earl Jones yake a matsayin Mufasa sarkin zakuna, da Madge Sinclair a matsayin matarsa Sarabi, da Matthew Broderick da Moira Kelly waɗanda suka yi ɗansu Simba da ƙawarsa Nala bayan sun girma. Gida na biyu na maƙeran murya ne, wato waɗanda suka ajiye tasu a gefe suka ƙera wata sabuwa domin rawar. Robert Guillaume, wanda ya yi tsohon birin nan Rafiki, ɗan Amurka ne haifaffen St. Louis, amma karin harshe da dariyar da ya ba Rafiki ba nasa ba ne, ƙirƙirarsu ya yi. Tare da shi akwai Jim Cummings, wanda tun 1988 yake yin muryar Winnie the Pooh, wanda a nan ya yi kurar da ake kira Ed. Gida na uku na masu barkwanci ne, waɗanda makaminsu shi ne sanin lokacin da za a saki magana da lokacin da za a riƙe ta: Nathan Lane da Ernie Sabella a matsayin Timon da Pumbaa, abokan Simba, da Rowan Atkinson a matsayin cilakowar nan Zazu, da Whoopi Goldberg da Cheech Marin a matsayin sauran kurayen biyu. Gida na huɗu na yara ne, Jonathan Taylor Thomas da Niketa Calame, waɗanda suka yi Simba da Nala suna ƙanana.

Wannan rabo ba sabo ba ne, domin kusan duk wanda ya yi tunani a kan sana'ar murya a nan yakan fara. Tarihin sana'ar ma ya goyi bayansa. Mel Blanc, wanda ya yi Bugs Bunny da Daffy Duck da Porky Pig shi kaɗai, shi ne jagoran masu gida na biyu, kuma shekaru masu yawa irinsa ne suka riƙe finafinan zane, ba a damu da fuskarsu ba. Daga baya ne aka koma neman sanannun taurari domin su zo da muryar da jama'a suka riga suka sani, abin da ya ƙara ƙarfi bayan rawar da Robin Williams ya taka a fim ɗin Aladdin a 1992. The Lion King ya fito ne a daidai wannan mahaɗa, shi ya sa tsofaffin hanyoyi da sababbi suke zaune a cikinsa kafaɗa da kafaɗa.

Suna ɗaya ne ban rubuta a ko'ina ba, kuma shi ne Jeremy Irons, wanda ya yi muryar Scar, ƙanen Mufasa kuma mugun fim ɗin.

14 ga Fabrairu

Kwanakin nan a kan Scar kaɗai na tsaya. Fitowarsa ta farko ita ce wadda ya danne ɓera da tafin ƙafarsa, ya ɗaga shi ta wutsiya, ya shiga yi masa jawabi. Idan aka kashe allo aka saurara, abin da ake fara ji shi ne gajiya, muryar wanda ya daɗe da yanke wa duniya hukunci kuma bai ga abin gaggawa a cikinta ba. Irons yana jan wasula har su kusa tsinkewa, sannan ya datse baƙin ƙarshe da kaifi, kuma yakan sauke murya zuwa ƙasan maƙogwaro a daidai wurin da wani ɗan wasa zai ɗaga ta. Muryar tasa ce, ba ta aro ba, duk wanda ya ji shi a wani fim zai gane ta nan take, saboda haka ya cancanci gida na farko. Amma yadda yake juya ta, yana ƙawata kowace gaɓa da gangan, aikin maƙeri ne. Haka kuma yana da iya ajiye magana a lokacinta irin na masu barkwanci, kamar yadda ake ji a hirarsa da ƙaramin Simba, inda yaron ke ta zuba shi kuwa yana amsawa da gajerun kalmomi masu dafi waɗanda yaron bai kai ga fahimta ba.

Mutum ɗaya ya dace da gidaje uku cikin huɗu, kuma ba ƙaramin mutum ba, domin shi ne ya karɓi kyautar Annie ta wasan murya a kan wannan rawa, bayan Oscar ɗin da ya samu a 1991. Jadawalin da ba shi da wurin ajiye ɗan wasan da ya fi kowa fice a fim ɗin bai auna abin da ya kamata ya auna ba. Abin da gidajen nan huɗu suke faɗa shi ne inda kowa ya fito da irin kayan aikin da ya riƙo, ba abin da ya yi da su ba bayan an rufe ƙofar ɗakin naɗi.

Akwai wuri ɗaya da na ja wa layi biyu. Bayan mutuwar Mufasa a kwazazzabo, Scar ya matso kusa da Simba yana magana da taushi, yana jawo shi jikinsa, yana ɗora masa laifin da ba nasa ba, har ya ce masa ya gudu kada ya dawo. Da yaron ya juya baya, sai ya ba kuraye umarni da kalma biyu cewa su kashe shi, cikin murya shimfiɗaɗɗiya wadda babu ado ko kaɗan a cikinta. A duk fim ɗin, wannan na cikin 'yan wuraren da Irons ya daina ƙawata magana. Ban gama gane abin da hakan ke nufi ga rabon ba, amma na tabbata akwai mabuɗi a wurin.

24 ga Fabrairu

Mabuɗin ya fito ne daga wurin James Earl Jones, a fitowar daren nan bayan Mufasa ya ceto yaran daga maƙabartar giwaye. Ya umarci Zazu ya mai da Nala gida, sannan ya kira sunan ɗansa. Kiran yana da faɗi, an jefa shi ne zuwa nesa, kamar mai magana da wanda ke can bayansa cikin ciyawa, kuma zanen ya bi shi, domin Simba yana tafe ne kai a sunkuye har ƙafarsa ta faɗa cikin katon sawun ubansa. Da yaron ya iso, faɗan da aka yi masa bai tashi sama ba. Kowace jimla tana da shiru a bayanta, kuma shirun ba na neman kalma ba ne, na jiran amsa ne. Sai kuma wurin da uban ya amsa cewa shi ma ya ji tsoro a ranar. A nan muryar ta ragu, ta matso, numfashi ya fito fili a cikinta, har mai sauraro ya iya auna cewa tazarar da ke tsakanin mai magana da wanda ake yi wa maganar ba ta wuce kamu ɗaya ba.

Amma babu kowa a gaban Jones lokacin da yake faɗar wannan. Takarda ce da makirufo. Yaron da ya matso kusa da shi, shi ya ƙirƙiro shi a ransa, ya ajiye shi a wani wuri takamaimai, ya yi masa magana. Daga nan tambayar da ta fi dacewa da aikin nan ta bayyana gare ni: wa ɗan wasan yake yi wa magana? Tunda ɗakin naɗi wayam yake, kowane ɗan wasa dole ya samar wa kansa mai sauraro, kuma a ganina salonsa ba wani abu ba ne illa irin mai sauraron da ya zaɓa da nisan da ya ajiye shi.

Da na koma kan Scar da wannan tambaya, sai abin ya warware. Irons ba ɓeran yake yi wa magana ba, ba kuma Simba ba. Kansa yake yi wa magana, yana sauraron daɗin muryarsa, kamar yadda mai girman kan da aka hana mulki zai yi, kuma duk wanda ke gabansa uzuri ne kawai na buɗe baki. Shi ya sa umarnin nan na kalma biyu ya bambanta, domin a wannan lokacin ne kaɗai yake son a ji shi a aikata, ba a yaba masa ba.

Ina ganin ba banza ba ne a tuna cewa Jones, wanda ya rasu a watan Satumbar 2024, ya yi fama da i'ina tun yana yaro har ya yi shekaru kusan ba ya magana, kuma karanta waƙoƙi a bayyane ne ya taimaka masa ya dawo da bakinsa. Mutumin da ya sha wahala kafin kalma ta fito ba ya zubar da ita a banza, kuma hakan ana jin sa a yadda yake dasa kowace kalma a gaban wanda yake nufi.

1 ga Maris

Na sake shimfiɗa jadawalin bisa sabuwar tambayar, kuma yanzu gida uku ne manya: masu yi wa abokin wasa magana, masu yi wa kansu, da masu yi wa 'yan kallo.

Nathan Lane shi ne limamin gida na uku. Shi da Ernie Sabella suna tare ne a wani wasan kiɗa a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, lokacin da suka je gwaji, kuma rawar kuraye suka nema, amma yadda suke karɓar magana daga bakin juna ya sa aka ba su Timon da Pumbaa, aka kuma riƙa naɗar su tare, saɓanin yadda aka yi wa mafi yawan sauran. Muryar Lane ta wanda ya saba da kai magana har kujerar ƙarshe ce. Ko lokacin da Timon ke magana da Simba a kusa da kusa, rabin muryar tana kallon zauren, tana jiran dariya, tana barin gurbin da dariyar za ta shiga. Masu zanen sun fahimci haka sarai, domin a tsakiyar waƙarsu akwai inda Timon ya toshe bakin Pumbaa don kada ya furta wata kalma a gaban yara, su biyun kuma suka juyo suka dubi mai kallo ido da ido.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne sabon rabon ya raba su biyu. A tsohon jadawali gida ɗaya suke, amma Sabella ba 'yan kallo yake yi wa magana ba. Pumbaa yana yi wa Timon magana ne da zuciya ɗaya, yana gaskata duk abin da ya faɗa, kuma dariyar da yake jawowa tana fitowa ne daga rashin saninsa cewa akwai abin dariya. Saboda haka Sabella ya koma gida ɗaya da James Earl Jones, abin da ba zan taɓa tsammani ba da a ce kaurin murya ko nau'in rawa nake bi. Haɗin nasu yana aiki ne domin ɗaya yana fuskantar waje, ɗayan yana fuskantar abokinsa.

Rowan Atkinson ya fi wuya. An fi saninsa da Mr. Bean, rawar da kusan babu magana a cikinta, jiki da fuska ne kawai, ga shi kuma a nan an raba shi da jikin an bar masa baki. Zazu bafade ne, kuma muryar da Atkinson ya ba shi kullum tana auna matsayi: tana miƙewa tsaye gaban Mufasa, tana hura hanci gaban yara, tana rawa gaban kuraye. Na sa shi cikin masu yi wa abokin wasa magana, tare da ƙarin bayani cewa ba mutumin yake gani ba, muƙaminsa yake gani. Whoopi Goldberg da Cheech Marin kuwa suna kai-komo tsakanin gida na farko da na uku, suna yi wa juna ba'a amma da kunne ɗaya a wajen zaure.

8 ga Maris

Madge Sinclair ba ta da layuka da yawa, amma fitowarta gaban Scar, inda ta ratsa tsakiyar kuraye kai a ɗage ta gaya masa cewa garkuna sun ƙaura kuma babu abinci, ta isa a sa ta a gida na farko ba tare da jayayya ba. Ba ta ɗaga murya ba sai a ƙarshe, kuma kowace kalma a kan fuskarsa take sauka. Ita da Jones sun taɓa fitowa a matsayin sarki da sarauniya a wani fim na 1988, kuma kunnena yana gaya mini cewa nauyin muryoyinsu ɗaya ne.

Matthew Broderick na bar shi da alamar tambaya. Mafi yawan naɗinsa shi kaɗai ya yi, kuma a wasu wurare ana jin muryar tana neman inda za ta sauka. Sai dai Simban da ya girma a gudun hijira mutum ne da ke kauce wa kallon kowa, don haka rashin tsayayyen mai sauraro yana iya zama zaɓi ne, ba rauni ba. Sai na ƙara saurare kafin in yanke.

15 ga Maris

Waƙoƙi sun kawo matsalar da ban shirya mata gida ba. Simba ɗaya ne a idon mai kallo, amma maƙogwaro huɗu ne suka haɗu a kansa: Jonathan Taylor Thomas yana magana, Jason Weaver yana rera waƙar ƙuruciya, Broderick yana magana bayan girma, Joseph Williams yana rera tasa. Nala ma haka take, domin Sally Dworsky ce ta rera mata bayan ta girma. Idan salon ɗan wasa ake rarrabawa, to mawaƙan nan 'yan wasa ne ko kuwa? Hukuncin da na yanke shi ne 'yan wasa ne, domin su ma dole su zaɓi wanda suke rera wa. Weaver, a waƙar da ɗan zakin ke ɗokin zama sarki, duniya gaba ɗaya yake shelanta wa, wato yana gida na uku, alhali Thomas, wanda bai wuce shekara 12 ba lokacin da fim ɗin ya fito, yana gida na farko. Babu inda hakan ya fi bayyana kamar lokacin da ya iske gawar ubansa yana roƙonsa ya tashi su tafi gida, sannan ya juya ya ƙwala kiran neman taimako a kwazazzabon da babu kowa, muryar tana tsinkewa a tsakiyar kalma. Rawa ɗaya ta ratsa gidaje biyu, kuma mai kallo bai ji ɗinkin ba saboda waƙa dama takan juyar da fuska zuwa waje.

Batun da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na waƙar Scar. Irons ne ya fara ta, rabi magana rabi rerawa, amma muryarsa ta gaza kafin a gama, sai Jim Cummings ya ƙarasa ɓangaren ƙarshe yana kwaikwayonsa. Miliyoyin mutane sun ji waƙar ba su lura da canjin ba. Na saurari wurin a hankali, kuma abin da na lura shi ne Cummings bai tsaya ga kwaikwayon amon muryar ba, ya ɗauko har mai sauraron da Irons ya ƙirƙira. Yana rerawa ne kamar wanda ya bugu da jin kansa, kurayen da ke fareti a ƙasa ado ne kawai. Da amo kaɗai ya ɗauko, da kunne ya kama shi. Wannan ne ya fi komai ƙarfafa mini gwiwa cewa ma'aunin da nake bi ba ƙirƙirar kaina ba ce, abu ne da ƙwararrun sana'ar suke ji suna kuma aiki da shi, ko sun ba shi suna ko ba su ba shi ba.

17 ga Maris

Akwai mutum biyu da ba su furta kalma ko ɗaya ba a rawar da nake dubawa, kuma ba zan cire su ba. Ed dariya ce kawai daga farko har ƙarshe, amma Cummings ya ba ta launuka: akwai ta yarda, akwai ta tsoro, akwai ta yunwa, kuma kowacce amsa ce ga abin da wani ya faɗa. Frank Welker kuwa shi ya yi rurin zakunan, kuma rurin da Mufasa ya yi don korar kuraye daban yake da wanda Simba ya yi a kan dutse a ƙarshe, ɗaya gargaɗi ne ga maƙiyi na kusa, ɗayan shela ce ga ƙasa baki ɗaya.

2 ga Afrilu

Makonnin nan na kallo ne murya a kashe, kuma sun tilasta mini ƙara shafi a gefen kowane suna domin rubuta sunan mai zane. A tsakanin masu wannan sana'a an daɗe ana cewa mai zane ɗan wasa ne da fensir a hannu, kuma a Disney kowace babbar rawa tana da jagoran zanenta: Andreas Deja ya riƙe Scar, Tony Fucile ya riƙe Mufasa, James Baxter ya riƙe Rafiki, Ellen Woodbury ta riƙe Zazu, Mark Henn da Ruben Aquino suka raba Simba ƙarami da babba, Michael Surrey da Tony Bancroft suka riƙe Timon da Pumbaa. Wasan da mai kallo yake gani na mutum biyu ne a ƙalla, kuma duk rabon da ya manta da na biyun ya tauye gaskiya.

Abin da na gani shi ne idanun zanen suna bin mai sauraron da murya ta zaɓa. Deja ya yi nazarin fuskar Irons ya shigar da wasu siffofinta cikin Scar, musamman baki da yanayin ido, kuma Scar ɗin da ya zana ba kasafai yake kallon wanda yake yi wa magana kai tsaye ba. Yakan duba faratansa, ya lumshe ido, ya juya ƙeya, ya kalli gefe. Mufasan Fucile kuwa motsinsa kaɗan ne, kai ne ke sunkuyowa zuwa tsayin yaron, gira ce ke sassautawa, domin shirun da Jones ya bari fili ne da mai zane zai cika da kallo. Timon ba ya barin irin wannan fili, maganarsa a cunkushe take, sai Surrey ya bi ta da hannaye da kafaɗu, jikin kuma a buɗe yake zuwa gaba kamar na mai tsaye a dandali.

Wannan ya warware mini batun Broderick. Aquino ya zana babban Simba yana yawan kau da kai, yana tafiya yana magana, musamman a gardamarsa da Nala da daddare, kuma idanunsa ba su tsaya cak a kan kowa ba sai da ya dawo gida ya fuskanci Scar. Muryar ma a nan ta tsaya. Na cire alamar tambayar, na rubuta shi a matsayin wanda ya fara a gida na biyu, mai magana da kansa don guje wa wasu, ya ƙare a gida na farko.

19 ga Afrilu

Ga inda jadawalin ya tsaya a yau. Masu yi wa abokin wasa magana su ne Jones, Sinclair, Kelly, Sabella, Atkinson, Thomas da Calame. Mai yi wa kansa magana shi ne Irons, tare da Cummings a ɓangaren waƙar da ya ƙarasa masa. Masu yi wa 'yan kallo su ne Lane da Weaver. Masu ƙaura daga gida zuwa gida su ne Broderick, Goldberg da Marin. Guillaume ne har yanzu ban gamsu da wurinsa ba, domin Rafiki yana fara magana kamar mai sambatu shi kaɗai, yana waƙe-waƙe yana dariya, sai a tsakiyar hirarsa da Simba a bakin ruwa muryar ta sauka ta zama ta malami da ɗalibi. Ina zargin sambatun ma da gangan ne, tarko ne na jawo hankalin Simba, wanda hakan zai sa shi a gida na farko tun daga farko, amma ina bukatar in sake bin fitowar numfashi bayan numfashi kafin in rubuta shi da alƙalami.

Gwajin da ke gaba shi ne na juya tsarin. Duk abin da na rubuta ya ginu ne a kan fim ɗin da murya ta riga zane. A Japan galibi akasin haka ake yi, zane ne ke gaba, 'yan wasa su taru a ɗaki ɗaya suna kallon allo suna sa murya, kuma haka abin yake ga duk wanda ya sake naɗa fim ɗin nan a wani harshe. An fassara The Lion King zuwa harsuna da dama, har da Zulu tun a 1994, kuma a kowane ɗayansu sabon ɗan wasa ya tarar an riga an zana idanun Scar suna kallon gefe, an riga an ƙayyade tsawon kowane shiru na Mufasa. Zan fara da naɗin Zulu da na Faransanci, da fitowa uku kawai: ta ɓera, ta daren sawun ƙafa, da ta kwazazzabo. Abin da nake son ji shi ne ko zanen yana tilasta wa sabon ɗan wasa ya gaji mai sauraron wanda ya riga shi, ko kuwa yana iya ajiye nasa a wani wuri dabam cikin motsin leɓen da ba shi da ikon sauyawa.